Buroshin Beatrix Potter ko almakashin Eric Carle: sawun wa mai son yi wa yara littafin hoto zai bi?

Wata malamar ajin rainon yara ce ta jawo wannan rubutu. Ta gaji da karanta wa ɗalibanta littattafan da ke cike da dusar ƙanƙara da 'ya'yan itacen da ba su taɓa gani ba, tana so ta yi nata da Hausa, labari da hotuna duk daga hannunta. Ta tambaye ni daga ina ake farawa. Hanyoyin suna da yawa, amma akwai biyu da suka yi hannun riga da juna, har in mutum ya fahimce su zai san inda shi ya faɗa. Ɗaya ta wata Baturiyar Ingila ce, Beatrix Potter, mai zane da fentin ruwa. Ɗayar ta wani Ba'amurke ce da ya tashi a Jamus, Eric Carle, mai yanka takarda yana liƙawa. Dukansu su suke rubuta labarinsu su kuma yi masa hoto, dukansu ba su shahara ba sai da shekaru suka ja, kuma dukansu littafi ƙwaya ɗaya ne ya fara ɗaga su. Daga nan kamannin ya ƙare.

Potter 'yar masu hali ce. An haife ta a Landan a 1866, ba a sa ta makaranta ba, malamai mata ake ɗauka su koyar da ita a gida. Abokan wasanta ƙanenta ne da dabbobin da suka tara a ɗakin karatunsu: zomaye, ɓeraye, bushiya, jemage, har ƙadangare. Kullum cikin zana su suke, in dabba ta mutu kuma su tafasa ta su fitar da ƙasusuwan don su ga yadda gaɓoɓin suka haɗu. Lokacin hutu iyayen kan kwashe su zuwa Scotland, daga baya zuwa yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. A can ta kamu da son naman kaza, irin lemar kwaɗin nan da ke tsirowa da damina. Ta yi masa zane ɗaruruwa, tana leƙa ƙwayoyinsa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, har a 1897 ta aika wa ƙungiyar masana halittu ta Linnean takardar bincike kan yadda suke tsiro. Ba ta halarci zaman da aka gabatar da takardar ba, don a lokacin mata ba sa shiga.

Na tsaya a kan wannan ne saboda shi ne tushen hotunanta. Zomon Potter zomo ne na gaske. An sa masa shuɗiyar riga, yana tafiya da ƙafa biyu in ta kama, amma ƙafar baya, da kwanciyar kunne, da yadda yake tsugunawa in ya firgita, duk na dabbar da aka daɗe ana kallo ne. Mutum bai isa ya yi irin wannan a wata uku ba.

Labarin kansa wasiƙa ce tun farko. A Satumban 1893 ɗan tsohuwar malamarta, yaro ɗan shekara 5, yana kwance ba lafiya. Ta rasa abin da za ta rubuta masa, sai ta ba shi labarin zomaye huɗu, tana yi tana zana su a jikin takardar. Shekaru bayan haka ta aro wasiƙar ta faɗaɗa ta, ta kai wa kamfanonin ɗab'i, suka ƙi. Ba ta yi fushi ta jefar ba. A Disamban 1901 ta buga kwafi 250 da kuɗinta, hotunan ciki baƙi da fari. Suka ƙare, ta ƙara 200. A wannan tsakanin kamfanin Frederick Warne, wanda shi ma ya taɓa mayar mata da shi, ya dawo ya ce zai buga in ta yarda ta sa wa hotunan launi. The Tale of Peter Rabbit ya fito a Oktoban 1902 da kwafi 8,000, tana da shekara 36. Shekara tara ke nan tsakanin wasiƙa da littafi.

Abu biyu ta kafe a kansu: littafin ya zama ƙarami yadda hannun yaro zai riƙe, kuma ya yi arha. Sule ɗaya aka sa masa. Kan kasuwanci ma ba ta da wasa, domin a 1903 ta ɗinka 'yar tsanar zomon da kanta ta yi mata rajista. Da ribar littattafai da ɗan gadon da ta samu ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey a 1905. Daga nan noma da kiwon tumaki suka riƙa cin lokacinta, idonta kuma ya fara rauni, littattafan suka yi ta raguwa. Ƙananan littattafan nata 23 ne. Da ta rasu a 1943 ta bar wa ƙungiyar National Trust, mai adana filaye da wuraren tarihi, fili kimanin eka 4,000 don kada a farfasa shi.

Carle kuwa yaƙi ne ya raine shi. An haife shi a Syracuse ta jihar New York a 1929, iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani. Yana ɗan shekara 6 suka koma Stuttgart, zamanin da Hitler ke mulki. Aka ɗauki mahaifinsa soja, Rasha ta kama shi, bai dawo gida ba sai 1947, a karye. Shi kansa yana ɗan shekara 15 aka tura shi haƙa ramukan yaƙi. A cikin wannan ƙunci wani malaminsa na zane ya kira shi gida a ɓoye ya nuna masa hotunan masu zanen da gwamnatin Nazi ta haramta, masu zuba launi yadda suka ga dama ba tare da bin kamannin abu sak ba. Ya sha faɗin cewa launukan littattafansa ramuwa ce ga duhun waɗancan shekaru.

Ya yi karatun zane a Stuttgart, ya koma New York a 1952 da dala 40 a aljihu. Ya samu aiki a sashen talla na jaridar New York Times, daga baya ya zama mai kula da zane a wani kamfanin tallace-tallace. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Wani marubuci, Bill Martin Jr, ya ga hoton wani ƙaton jatan lande ja da Carle ya yi a cikin talla, ya neme shi ya yi wa littafinsa hotuna, littafin ya fito a 1967. Bayan shekara biyu Carle ya fitar da nasa, The Very Hungry Caterpillar, yana dab da cika 40.

Asalinsa wasa ne da abin huda takarda na ofis. Yana zaune yana huda tarin takardu, ramukan suka tuna masa da tsutsar da ke cin littafi. Ya tsara labarin wata tana ya kai wa editarsa, Ann Beneduce. Ta ce tana ba za ta shiga ran yara ba, me zai hana ya yi da tsutsar ganye? Nan take ya hango ƙarshen labarin, tunda tsutsar ganye ita ce ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. (Da ya san sunan da Bahaushe ya ba wannan ƙwaro, da ya ji daɗi, domin a shafin ƙarshe fukafukan biyu ne suka cika shafuka biyu, in ka buɗe littafin ka buɗe su.) Labarin bai wuce haka ba: tsutsa ta ƙyanƙyashe ranar Lahadi da yunwa, Litinin ta ci 'ya'yan itace ɗaya, Talata biyu, har Juma'a biyar, Asabar ta yi haɗama da kayan kwalama cikinta ya yi ciwo, washegari ta ci ganye ta samu sauƙi, ta naɗe kanta, ta fito da fukafukai. Kalmomin ba su kai 250 ba. Kowane abin da ta ci akwai rami na gaske a jikin shafin da yaro zai zura yatsa, shafukan kuma ba tsawonsu ɗaya ba. An sayar da fiye da kwafi miliyan 50, an fassara shi zuwa harsuna sama da 60. Carle ya yi wa littattafai fiye da 70 hotuna, ya kafa gidan adana zanen littattafan yara a garin Amherst na Amurka a 2002 tare da matarsa, ya rasu a 2021.

To, yanzu ga mai zaɓi. Tambayar farko ba ta hannunka ba ce, ta yaron ce. Shekararsa nawa?

Littafin Carle na wanda bai fara karatu ba ne, ɗan shekara 2 zuwa 4. Ba labari ne ke riƙe shi ba, tsari ne: ranakun mako, ƙirge daga ɗaya zuwa biyar, da jimla guda da ke dawowa a kowane shafi har yaro ya haddace ya riƙa rigan mai karantawa faɗa. A zama na uku ya riga ya zama shi ke "karanta" maka. Duk wanda ya taɓa jin yadda yara ke amsa waƙar da ke cikin tatsuniya ya san wannan dabara, ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Na Potter labari ne cikakke, kusan kalmomi 1,000, na ɗan shekara 4 zuwa 7 da zai iya zama ya saurara. Kuma labari ne mai haƙori. Tun a farko uwar zomayen ta gargaɗe su kada su shiga lambun wani manomi, don a can aka kama ubansu, matar manomin ta dafa shi. Haka ta faɗa, ba kwana-kwana. Ɗan ƙiriniyar cikinsu, Peter, ya shiga, ya ci kayan lambu, aka biyo shi, ya zubar da takalmansa, maɓallin rigarsa ya sarƙe a raga, ya ɓuya a gwangwanin ban ruwa mai ruwa a ciki, atishawa ta tona masa asiri. Da ƙyar ya sha. Ya koma gida ba riga, aka ba shi shayin ganye aka kwantar da shi, 'yan uwansa masu jin magana suka ci daɗi. Babu inda Potter ta tsaya ta yi wa'azi, kuma ko makaho ya san zuciyarta tana tare da mai laifin. Ba ta kuma tsoron jefa kalma mai nauyi a tsakiyar jimla, tana ganin yaro zai tsinci ma'anar daga abin da ke faruwa. A nan nake ganin ta fi Carle nesa ba kusa ba, kuma a nan ne yawancin masu rubuta wa yara a wurinmu suke faɗuwa. Sai a ɗauko yaro mai ladabi, a sa shi ya yi gaskiya, a ba shi kyauta, a rufe da darussa uku. Yaron da ya saba da makircin Gizo ba zai nemi a maimaita masa wannan ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta hannu, kuma a nan ne ake yaudaruwa.

Fentin ruwa ba ya yafiya. Launin yana da haske, farin takardar ne ke ba shi rai, in ka yi kuskure ba a shafe shi, in ka yi ta maimaitawa ya zama laka. Yana son takarda mai kauri ta musamman, don ta ofis tana jin ruwa take kumbura ta lanƙwashe. Da hunturu kuma launin kan bushe a bakin buroshi kafin ka gama shimfiɗa shi. Sama da duka, sai ka iya zana dabba ɗaya sau ashirin, tana gudu, tana kuka, tana leƙe, kuma a gane ita ce dai. Wanda bai taɓa cika littafin zane da akuyar gidansu ba kada ya fara da nan.

Hanyar Carle ta fi karɓar baƙo. Yakan ɗauki farar takarda siririya, irin wadda ake naɗe sabon takalmi da ita, ya shafe ta da fenti, ya ƙara wani launi a kai, ya karce da gindin buroshi, ya ɗiga, ya buga da yatsa ko guntun kafet. In sun bushe ya jera su a aljihun tebur, ja da ja, kore da kore. Ranar yin hoto sai ya zana siffar, ya yanko gaɓa-gaɓa daga takardun da ya tanada, ya liƙa a kan farin kwali. Alherin wannan shi ne kuskure ba ya kashe aiki: kafin ka sa gam kana iya matsar da kai, ka canza ƙafa, ka jefar da kunne ka yanko wani. Kayan aikin ma suna kusa, fentin 'yan makaranta, almakashi, reza, gam. Ɗalibai za su iya taya ka shafa takardun. Abin lura ɗaya, shi ma ya koya da wuya: a farkon aikinsa ya yi amfani da takardun da aka riga aka rina da wani gam na roba, launukan suka koɗe, gam ɗin ya ɓata hotunan, sai daga baya ya canza kayan aiki. In ka gama hoto, ɗauke shi a na'ura da wuri.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutane kan ga hoton Carle su ce ai ko yaro zai yi. Yaro zai yanka ya liƙa, gaskiya ne. Abin da ba zai yi ba shi ne sanin inda za a ajiye abu a shafi, da yawan farin filin da za a bari, da launi biyun da za su sa ido ya tsaya. Wannan shekarun da ya yi yana tsara talla ne suka ba shi, aikin da ake biyan mutum don ya kama idon mai wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Sabon hannu yakan cika shafi da tarkace, rana, bishiya, gida, tsuntsu, mota, har a rasa wanda ake magana a kansa. Bambancin dai shi ne wannan ilimin ana samunsa cikin watanni in an dage da gwaji, na Potter kuwa shekaru yake ci.

Sai maganar maɗaba'a, wadda ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe ko da mutum bai so ba. Launin fentin ruwa mai laushi yana buƙatar takarda mai kyau da mabugi mai kula. A kan takarda mai arha yakan fito a dushe, kamar rigar da ta sha wanki. Launukan Carle masu ƙarfi ne a kan fari, suna jure bugun da bai kai ba. A wannan ya yi nasara. Amma kada kowa ya kuskura ya kwaikwayi ramukan. Ko a Amurka ta 1969 ba a samu maɗaba'ar da za ta yi su da farashi mai ma'ana ba, sai Japan aka kai aikin. Huda shafi, da shafuka masu tsawo daban-daban, da kwali mai kaurin da zai jure yatsun yara, kowanne ƙarin kuɗi ne da zai hau kan iyaye. Ta fuskar siffar littafi, shawarar Potter ce ta dace da aljihunmu: ƙarami, mai arha, hoto a shafi ɗaya rubutu a ɗayan. Haka ma yadda ta fara, bugu kaɗan da kuɗin kanta don ta ga ko za a saya. Marubutan Kano sun daɗe suna yin haka da littattafan manya. Sai dai a tuna ita tana da gidan da za ta jingina in kwafi 250 ɗin sun kwanta, kuma bugu mai launi ya fi na baƙi da fari tsada ƙwarai.

Akwai mai cewa me zai hana a fassara nasu kawai a huta. Na Potter, wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare a ƙasashen da ke ƙirga shekara 70 bayan mutuwar marubuci, Ingila da Najeriya suna ciki, ko da yake sunan zomon da siffarsa har yanzu tambarin kasuwanci ne na kamfanin. Na Carle yana da masu shi, sai da izini. Cire tuffa a sa mangwaro, a cire kayan kwalamar ranar Asabar (akwai nau'in tsiran Turawa biyu a ciki da iyaye da yawa za su ɗaga gira a kai) a sa alewa da ƙuli-ƙuli, duk bai mayar da littafin naka ba. Potter ma ta sha irin wannan ɗaci: kamfaninta ya yi sakacin yi wa littafin rajista a Amurka, aka yi ta buga shi a can ba ta samun ko kwabo. Abin da ake ara shi ne dabara, wato jeri, da maimaici, da mamaki a shafin ƙarshe. Abin jerawa kuwa ba mu rasa ba. Kazar da ke ƙirga 'ya'yanta da yamma kullum ɗaya ya ɓace, ko kukan dabbobin gida daga asuba zuwa magariba, ko goruba da aduwa da magarya da ɗinya a faifan mai talla.

Ga malamar da ta tambaye ni, amsata ba ta da wuya, don 'yan ajinta ba su wuce shekara 4 ba kuma ita da bakinta ta ce in ta zana kare sai a ce akuya. Na ce ta bi Carle a hoto da tsari, ta bi Potter a girman littafi da farashi. Da marubuci ne mai labari a baki, wanda ya iya sa yara su yi tsit, kuma yana nufin 'yan firamare, da na ce ya bi Potter a rubutu, ya bar haɗarin a cikin labarin yadda yake, sannan ya nemi mai zane su raba aikin, tun da ba dole ba ne hannu ɗaya ya yi duka. Mai zanen da ya riga ya ƙware da fensir, wanda ke iya zama awa guda gaban tunkiya, shi kaɗai zan ce ya ɗauki buroshin Potter gaba ɗaya, kuma ya je ya ga samfurin bugun maɗaba'ar kafin ya biya.

Kafin ta sayi ko kwalbar fenti ɗaya na ba ta aiki. Ta ɗauki takarda 8 ta ninke su biyu, shafi 32 ke nan, adadin da aka fi buga irin waɗannan littattafai da shi. Ta ware na farko-farko don suna da bayanan bugu, ta rarraba labarin a sauran da fensir, jimla ɗaya ko biyu a shafi, hotunan ko da ƙwallo da sanda ne. Ranar Litinin ta karanta wa ajin, ta sa ido ta ga a wane shafi ne na bayan aji ya fara jan rigar na kusa da shi.